Yadda ake zana bangon albam ɗin kiɗan fim ko na wasan bidiyo

Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne su ɗauko fostar fim, su datse sama da ƙasa har ta zama murabba'i, su manna suna, su ce an gama. Fosta doguwa ce, wadda aka saba da ita a Amurka inci 27 ne faɗinta, tsawonta 40, kuma aikinta ta ja mutum zuwa kallo. Bangon albam kuwa kunne yake yi wa iso: ya nuna maka irin kiɗan tun kafin ka kunna. A da ma a cikin takarda marar ado ake sayar da faifai, sai a 1940 Alex Steinweiss na kamfanin faifai na Columbia ya fara yi wa bangon zane.

Matakin farko, kada ka buɗe manhaja tukuna. Saurari albam ɗin daga farko har ƙarshe, sau biyu ko uku, da biro a hannu. Rubuta abin da ya faɗo maka: sanyi, gudu, kaɗaici, tsoro. Lura da kayan kiɗan da suka fi rinjaye, domin fiyano shi kaɗai ba ya neman irin hoton da taron ganguna da ƙahonni ke nema. Akwai kuma bambanci tsakanin fim da wasa. Kiɗan fim yakan bi mutum, jarumi da takensa, mugu da nasa. Kiɗan wasa ya fi bin wuri, saboda ɗan wasa na iya shafe awa guda a daji ɗaya ko kogo ɗaya, kiɗan na ta maimaituwa. Shi ya sa a bangon wasa nakan fi son hoton wurin a kan fuskar jarumi, shi ne abin da zai fara dawo wa mai sauraro.

Daga nan ka zaɓi abu ɗaya tak da zai ɗauki bangon. Nan ne aikin yake da wuya, don zuciya na son a zuba komai, jarumai da mota da wuta. Saul Bass, mai zana fostar fina-finai, ya nuna ba sai an yi haka ba: a fostar fim ɗin The Man with the Golden Arm na 1955, wani karkataccen hannu baƙi ne ya ɗauki nauyin labarin. Nemi irin wannan a naka, ko makulli ne, ko ƙofa, ko inuwar mutum a bakin teku. Zana ƙananan gwaje-gwaje kamar goma a takarda, kowanne bai wuce girman akwatin ashana ba, da fensir kawai. Wanda ya fito sarai a wannan ƙanƙantar, shi za ka ɗauka.

Yanzu sai kwamfuta. Manhajar zane ta Photoshop na yi, Krita da GIMP ma na yi, kuma waɗannan biyun kyauta ne. Buɗe murabba'i mai fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto a allo) 3000 kowane gefe a tsarin launin allo, wato RGB, shi ne abin da galibin masu rarraba kiɗa zuwa Spotify da Apple Music ke nema. Idan akwai niyyar bugawa a takarda, lissafin ya canja. Bangon CD santimita 12 ne, na babban faifan garmaho kuwa ya ɗan haura 31, kuma maɗaba'a na son ɗigo 300 a kowane inci, wato fiksel 3000 ba zai ishi babban faifai ba. Fara da 4000 ka huta, rage hoto ba ya ɓata shi, ƙara shi ne ke ɓatawa. Bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, sannan ka duba aikin a CMYK, tsarin launin bugawa a takarda, da wuri, domin shuɗi da kore masu haske a allo sukan dusashe a takarda.

Launi biyu ko uku sun isa.

Rubutu ya cancanci a daɗe a kansa. Abu uku ake buƙata: sunan fim ko wasan, sunan wanda ya tsara kiɗan, da layin da ke faɗin ko ainihin kiɗan da aka tsara wa fim ɗin ne ko tarin waƙoƙin da aka sa a ciki. Kada ka danne sunan mai kiɗan a lungu, albam ɗinsa ne, masu tara irin waɗannan kuma sau da yawa sunan suke bi. Salon haruffa biyu ya wadatar, ka tabbatar lasisinsu ya yarda da amfanin da za ka yi. Na Google Fonts kyauta ne.

Kafin ka ce ka gama, rage hoton ya koma kamar kan babban yatsa, ka duba shi a waya, a kan baƙin allo da fari. Idan sunan ya ɓace ko hoton ya cakuɗe, koma ka rage kaya.

Fitar da shi a JPG ko PNG, ka ajiye asalin fayil ɗin mai hawa-hawa, wanda hoto da rubutu ke rabe a cikinsa, don gyaran gaba. Idan don tarin kiɗanka ne, manhajar Mp3tag ko MusicBrainz Picard za su cusa hoton cikin fayilolin kiɗan, amma ka yi ƙaramin kwafi na fiksel 600 zuwa 1000, tsofaffin na'urori kan kasa nuna babban hoto. Idan kuma kasuwa zai shiga, masu rarraba kiɗa kan ƙi karɓar bangon da ke ɗauke da adireshin intanet, ko farashi, ko sunan da ya saɓa wa na albam ɗin. Tambarin fim, hotunan 'yan wasa da zanen jaruman wasan bidiyo duk suna da masu haƙƙin mallaka, don haka ka karɓi izini a rubuce kafin ka sayar da ko kwafi ɗaya.