Hawan dutsen Bagzan a yini ɗaya: matakan da za a bi

Mai tasowa daga Tahoua ya sani cewa Bagzan, a tsaunukan Azbin da ke jihar Agadez, ya kai mita 2,022, kuma can sama iska na juyawa ba sallama.

1. Ku nemi ɗan jagora Buzu wanda ya san hanya, ku kuma sanar da jandarma inda za ku.

2. Kowa ya ɗauki ruwa litir 4 zuwa 5, dabino, gyaɗa, tocila, rawani da rigar sanyi. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6, gumi kuma in ya sha iska sai jiki ya ɗauki ɓari.

3. Ku tashi bayan sallar asuba. Ƙarfe 12 na rana ku juyo, ko kun kai ƙololuwa ko ba ku kai ba.

4. Nan ne babban haɗari. Daga Yuli zuwa Satumba hadari yakan haɗu da yamma. In kun ga walƙiya, ku ƙirga daƙiƙu har ku ji tsawa: daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ke nan. In bai kai daƙiƙa 30 ba, ku sauka daga tudu, ku nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai. Kada ku fake cikin busasshiyar ƙorama. Ruwan da aka yi nesa yana gangarowa da duwatsu alhali inda kuke ko ɗigo babu.

5. Wajen saukowa aka fi gurɗewa, don ƙafa ta gaji. Ku ƙara ɗaure takalmi, ku riƙe sanda, ku rage tsawon taku.