Idan Maus Ya Fara Jan Ƙafa: Yadda Za Ka Gano Inda Matsalar Take

Kafin ka fita sayen sabon maus, ko ka yarda wani ya ce sai an goge kwamfutarka an sake ɗora Windows, fara tantance mai laifin. Cire maus ɗin ka jona a wata kwamfutar. In can ma kibiyar maus da ke kan allo tana tafiya tana cijewa, to daga maus ne. In ta tafi sumul, ciwon yana jikin taka kwamfutar. Wannan gwaji na minti ɗaya shi ne rabin aikin.

In maus ne, juya shi ka dubi cikinsa. Wannan ɗan ramin da haske ke fitowa, wata 'yar kyamara ce a ciki mai ɗaukar hoton saman tebur sau dubbai a daƙiƙa, tana kwatanta hotunan don ta gane inda ka ja hannu. Silin gashi ɗaya ko ƙurar hunturu ya isa ya rikita ta. Hura ramin, sannan ka shafa da auduga mai tsinke wadda ka ɗan jiƙa da sifirit. Kada ka sa allura. Teburin gilashi ko mai sheƙi ma yana ruɗa idon, domin ba shi da zanen da zai bi. Shimfiɗa takarda mara ƙyalli ka gwada. In ya daidaita, abin ɗora maus kawai za ka saya.

Mai waya kuwa, yawanci wayar na karyewa ne ta ciki, daidai wuyan da ta shiga jikin maus. Lanƙwasa wurin a hankali kana kallon hasken ƙasa. In yana ɗaukewa yana dawowa, ka samo ta.

Mara waya ya fi yawan rigima. Fara da batir: sabon AA ko AAA yana ba da bolt 1.5, kuma idan ƙarfinsa ya ragu maus ba ya mutuwa gaba ɗaya, sai ya riƙa tsallake-tsallake, shi ya sa mutane ba sa zarginsa. Sa batirin alkalin, na arha ba ya jimawa. In ka ga farin gari a kan ƙarfen da batir ke taɓawa, kankare shi.

Sai ɗan risibar da ake sokawa a USB, kuma nan ne ake yawan ɓata lokaci. Yana magana da maus ta iska a kan zangon rediyo na 2.4 GHz, inda Wi-Fi da Bluetooth su ma suke cunkushe. Bayan haka, kafar USB 3.0, wadda galibi cikinta shuɗi ne, tana fitar da hayaniyar da ke faɗawa cikin wannan zangon. Kamfanin Intel ya fitar da bayani a kan haka tun 2012. Shi ya sa maus ke lafiya lau har sai ka soka filash ko hard disk (ma'ajiyar bayanai) na waje kusa da risibar, sai kibiya ta fara rawa. Mayar da risibar kafar USB 2.0, ko ɗaya gefen laftof ɗin. In kwamfutar tebur ce, kada ka bar shi a bayan akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur. Samu gajeriyar wayar ƙarin USB ka kawo shi sama, kamar taƙi ɗaya ko biyu daga maus.

In kuma laifin kwamfutar ne, danna Ctrl, Shift da Esc tare don buɗe Task Manager, wato allon da ke nuna ayyukan da kwamfuta ke yi. Duba CPU, Memory da Disk. Wanda ya manne kusa da kashi 100, shi ke shaƙe komai, har da kibiya. Sau da yawa sabunta Windows ne ke gudana a ɓoye, ko birawuza mai shafuka ashirin a kan RAM na 4 GB. Rufe abin da ba ka buƙata.

Maus ɗin da ke yin barci bayan ka ɗan bar shi, tsarin tanadin wuta ne ke kashe masa kafa. Danna Windows da X, shiga Device Manager, buɗe Universal Serial Bus controllers. A kowane USB Root Hub shiga Properties, sai Power Management, ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe na'urar. In bai ji ba, je Mice and other pointing devices, danna maɓallin dama a kan sunan maus ɗinka, zaɓi Uninstall device, ka sake kunna kwamfutar; Windows zai mayar da direban, wato manhajar da ke sarrafa maus ɗin, da kansa.

Wanda ya jona kwamfuta da talabijin mai 4K ya leƙa Advanced display a cikin saitin allo (Display) na Settings. In ya ga 30 Hz, maus ba shi da laifi, allon ne ke sabunta hoto sau 30 kacal a daƙiƙa. Ya rage girman hoton zuwa 1080p ya zaɓi 60 Hz.