Yadda ɗalibin sakandare zai samu wurin koyon aiki a dogon hutu

Bara waccan ɗan yayata ya yi mako bakwai a wani shagon gyaran waya. Ranar da hutu ya ƙare na tambaye shi abin da ya iya, sai ya sosa ƙeya, can ya ce ya san mai gurasar da ta fi kowa yawan ƙuli a layin. Gaskiya ya faɗa. Da safe shara, da rana sayo wa mai gida abinci, da yamma jona wayoyin mutane a caji. Ko murfin waya ɗaya bai buɗe ba. Ban ɗora wa mai shagon laifi shi kaɗai ba, domin mu muka kai yaro muka ajiye, ba mu ce ga abin da muke so ya koya ba.

A Najeriya tsarin sanin makamar aiki da gwamnati ta shimfiɗa, wato SIWES da ke ƙarƙashin hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF mai hedikwata a Jos, na ɗaliban jami'a ne da kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. Ɗan sakandare ba ya ciki. Ba za ka ga sanarwa a allon makaranta ana neman 'yan SS2 ba. Gurbin naka kai za ka ƙirƙire shi, kai da iyayenka, kuma ga yadda ake yi. Ina cewa "kai" ne don sauƙin magana, amma da ke ma nake.

Mataki na farko: ƙirga kwanakin da kake da su

Dogon hutu yakan kama daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba, mako shida ko bakwai. Ɗan SS1 ya fi kowa sarari. Ɗan SS2 sau da yawa makaranta kan riƙe shi da darasin share fagen WAEC. Mai babban rabo shi ne wanda ya ajiye biro bayan NECO, yana da watanni na jiran sakamako da gurbin karatu, waɗanda galibi a majalisa da latsa waya suke ƙarewa.

Cire lokacin Islamiyya, cire na gona tunda damina ce, cire aiken gida. Abin da ya rage shi za ka yi alkawari da shi. Kwana huɗu a mako daga ƙarfe tara zuwa azahar, in ka riƙe shi, ya fi ka ce kullum za ka zo sannan a riƙa nemanka.

Mataki na biyu: zaɓi abu ɗaya, kuma ƙarami

"Ina son kwamfuta" ba zaɓi ba ne. Buga takardu kake so ka iya, ko zanen katin biki da allon talla, ko sauya wa laftof faifai? Mako shida ba ya mayar da mutum makanike, amma ya isa ka iya juyen mai, sauya fulogi da gane ƙarar birkin da ya cinye. Bai isa ki zama tela ba, amma ya isa ki iya awo, ki yanka siket, ki sa zif ba tare da ya karkace ba.

Fara da darasin sana'ar da kake ɗauka a makaranta, wanda aka shigar cikin manhajar babbar sakandare tun 2011. In gyaran waya ne ko ɗinki ko kiwo, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin abin da hannunka ya taɓa a shago shi zai fito maka a jarrabawa. Wurare kuwa ba su da wuyar gani. A Kano akwai kasuwar waya ta Farm Centre, ga Kantin Kwari ga mai son gane lissafin fatauci, ga karofin Ƙofar Mata ga mai sha'awar rini, ga cibiyar Engausa da ke koyar da fasahar zamani da Hausa. A Kaduna akwai Panteka, inda ake ƙera injin niƙa da ƙofofin ƙarfe. Masu haɗa sola yanzu sun cika kowane gari, kuma kullum suna bukatar mai riƙe musu tsani da miƙa waya. A ƙauye, malamin gona da malamin dabbobi suna yawo gona-gona a daidai wannan lokaci, ba kasafai suke ƙin ɗan rakiya mai hankali ba. Ka kuma leƙa ofishin NDE, wato hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, na jiharku ka ji ko akwai shirin koyon sana'a da shekarunka suka kai.

Masu burin likita da lauya, ku rage dogon buri. Babu asibitin kirki da zai bar ɗan sakandare ya taɓa marar lafiya. Abin da za ka samu shi ne ɗakin kati ko wurin rajista, ka ga yadda ake jera fayil, yadda layi ke tafiya, yadda ma'aikaciyar jinya ke kwana a tsaye. Wannan ma riba ce: na san yarinyar da ta yi mako biyu a irin wannan wuri ta gane warin asibiti ba nata ba ne, tun kafin ta cike fom ɗin JAMB. Kemis ɗin da ya ce zai koya maka allura a mako na biyu kuwa, ka yi masa sallama.

Mataki na uku: nemi wanda zai kai ka

A nan yawancin yara suke kuskure. Su shirya su kaɗai su faɗa shago su ce "Oga, ina son aiki." Mai shago ya dube su ya ce babu. Ba rowa ba ce. Mutumin nan yana da wayoyin mutane na dubban ɗaruruwa a cikin durowa, bai san ɗan gidan wa kake ba, in abu ya ɓata bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Ka zauna da mahaifinka ko mahaifiyarka ku lissafa mutane: kawu, maƙwabci, wanda suke sahu ɗaya a masallaci, telar da Umma ke kai wa ɗinki shekara goma, malamin ajinku. Cikinsu akwai wanda ya san mai sana'ar da kake so. Shi zai riƙe hannunka ya kai ka, kuma ba da tsakar ciniki ba, da sassafe ko bayan la'asar. Maganar ba ta da tsawo: "Alhaji, ga ɗanka nan. Hutu suka samu na mako shida, muna so ya zauna a wajenka ya iya sauya sikirin da gidan caji. Ni ne na tsaya masa." Wannan "ni ne na tsaya masa" ita ce takardar shaidarka. Kai naka ka gaishe shi da ladabi, ka amsa abin da aka tambaye ka, kada ka tsaya latsa waya.

In ofis ne, kamar gidan rediyo, ofishin lauya, maɗaba'a ko sakatariyar ƙaramar hukuma, sai an haɗa da takarda. Ka roƙi shugaban makarantarku ya ba ka wasiƙar gabatarwa mai hatimi tun kafin a ba da hutu, domin in an rufe makaranta samunsa aiki ne. Ka haɗa da taka wasiƙar, da Turanci, wadda ba ta wuce rabin shafi ba: sunanka, makarantarku da ajinka, ranar farawa da ta gamawa, sashen da kake so, da lambar wayar mahaifinka. Ka rubuta ƙarara cewa ba albashi kake nema ba. Ka ba malamin Turanci ya duba. Ka kai wurare uku ko huɗu, ka koma bayan mako guda ka tambaya, don takardar da ba a bi sawunta ba a ƙarƙashin fayil take kwana.

Sai batun intanet. Duk hutu za ka ga ana yawo da sanarwa a WhatsApp da Facebook ta gurbin koyon aiki a ƙasashen waje. Wasu na gaskiya ne amma ba naka ba ne. Na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, alal misali, sharaɗinsa ka zama ɗan ƙasar Amurka. Wasu kuwa tarko ne. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin rajista, ko lambar BVN ta mahaifinka, ko ka je otal a yi maka tambayoyi kai kaɗai, ka rufe shafin.

Mataki na huɗu: a yi magana tun ran farko

Wannan shi ne matakin da muka tsallake da ɗan yayata, kuma shi ya fi duk sauran. Kunya ke hana mu. Muna ganin mutum ya yi mana alfarma, ina mu ina kafa masa sharaɗi. Amma mai sana'a na gaske ya fi son a faɗa masa, domin shi ma ya san inda zai sa yaro.

Abu huɗu za a tsayar a gaban wanda ya kawo ka. Lokacin zuwa da na tashi. Abu biyu ko uku da ake so ka iya kafin hutu ya ƙare, a ambace su da suna. Wanda zai riƙa nuna maka, domin sau da yawa mai gida ba ya zama, babban yaron shago ne malaminka na ainihi, shi ya kamata a haɗa ka da shi, har a ɗan ba shi na goro. Sai kuɗi: akwai kuɗin koyo ko babu, wa zai ɗauki kuɗin mota da abincin rana, kuma in ka lalata kayan mutane a garin koyo, wa zai biya. Wannan na ƙarshen ya raba zumunci da yawa. Sikirin guda na babbar waya ya fi kuɗin makarantar wani na zango.

Iyaye su san doka ma tana da abin cewa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta hana sa yaron da bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta. Wanda bai kai 16 ba, ba a sa shi aiki da inji ko a ƙarƙashin ƙasa, ba ya wuce awa huɗu a jere ba hutu, ba ya wuce awa takwas a yini. Don haka ɗan shekara 14 ba wurin injin yankan katako za a kai shi ba, ko da kawunsa ne mai wurin. Wanda ya isa zuwa wurin walda, a saya masa gilashin kare ido da takalmi rufaffe kafin ranar farko. Kwana ɗaya na kallon tartsatsi da ido tsirara ya isa ya hana shi barci.

'Ya mace kuma, a je a ga wurin da ido. A san wa ke ciki, akwai wasu mata ko babu, ina ake salla, da me za ta dawo gida. Ta tashi da sauran rana. A gaya mata tun a gida cewa in wani ya yi mata maganar da ba ta gamshe ta ba, ta faɗa, ba za a ce ita ta ja ba.

Mataki na biyar: shara, sannan littafi

Za ka yi shara, za a aike ka. Kada ka kumbura baki, duk wanda ka gani zaune a kan benci yana gyara ta nan ya bi. Mai gida yana gwada ka ne: yana kallon ko za ka dawo da canji cif, ko za ka zo kafin ya buɗe. Abin lura shi ne kada sharar ta zama ita ce duk koyon.

Maganinsa littafi ɗan ƙarami mai shiga aljihu. Kullum kafin ka kwanta ka rubuta kwanan wata da abu ɗaya da ka gani ko ka yi. Bana da ɗan yayan nawa ya koma wani shagon, na leƙa nasa littafin. A wani shafi ya rubuta: "Waya ba ta caji. Yaya ya ce kar a fara da sauya gidan caji, a fara goge shi da burushi, sau da yawa ƙura ce. Ƙura ce kuwa." A wani kuma ya zana yadda ake jera sukurori a kan maganaɗisu bisa tsarin da aka kwance su, saboda wanda ya fi tsawo in ya shiga ramin da ba nasa ba yana iya huda allon wayar. A mako na huɗu aka ba shi matacciyar waya ya yi ta kwancewa yana ɗaurawa, a na biyar ya riƙe ƙarfen narka dalma.

Tambaya tana da lokacinta. Ba a yi wa mai gida ita a gaban mai kaya, ko yana tsakiyar aiki mai laushi. Ka riƙe ta sai an sarara. In mako biyu suka wuce littafinka ba komai sai "na sayo abinci", kada ka yi fito-na-fito da kowa, kada kuma ka daina zuwa shiru. Ka gaya wa wanda ya kai ka, shi ya san yadda zai biya ta shagon kamar gaisuwa ya tuna wa mai gida alkawari.

Kuma abin da ka gani a wurin aiki ya tsaya a can. Hoton da ke cikin wayar mutane, sunan da ka gani a katin asibiti, bashin da ke littafin shago, ba labarin majalisa ba ne.

Mataki na shida: kada ka sulale

Saura mako guda ka sanar da mai gida ranar da za ka koma makaranta. Ka roƙe shi takarda, ko da layi biyar ce, mai ɗauke da sunanka kamar yadda yake a rajistar makaranta, ranar farawa da ta gamawa, abin da ka koya, da sa hannunsa da lambar wayarsa, da hatimi in yana da shi. In rubutu na ba shi wahala, ka rubuta ka karanta masa ya sa hannu. Ka ɗauki hotonta da waya, ka ajiye ta asali tare da sakamakon jarrabawarka, ranar neman tallafin karatu ko gurbin SIWES za ka neme ta. Wanda ya kai ka shi zai dawo ya yi godiya, ku zo tare. Kafin ku fita ka tambayi mai gida ko zai bar ka ka riƙa zuwa ranar Asabar.