Masu son shuka ganyen bay (ganyen ƙamshin girki) a gida, ga dabara

Jama'a kar ku dasa shi a ƙasa kai tsaye, ku saka a tukunya mai huji a gindi, ku haɗa ƙasar da yashi da ɗan takin gargajiya.

Dalili, bishiyar asalinta yankin Bahar Rum ce, ba ta son jiƙa, ruwa ya kwanta mata saiwar ruɓewa take. A tukunya kuma da bazara sai ku ja ta inuwa da rana ta take.

Ku riƙa tsinke kan sabon toho, sai ta yi duhu ta tsaya gajera, ganyen kuma ku shanya na jalof.

Amma fa in kun bar faranti cike da ruwa ƙarƙashinta da damina, dabarar ta tashi aiki wallahi.