Yadda Ake Gwada Tasirin Maganin Kashe Bakteriya a Hanjin Kyankyaso

Ɗalibin kimiyya da ke Kumasi, ko yana jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST ko yana babbar sakandare, zai iya ganin abin da maganin kashe bakteriya ke yi wa hanjin ƙwaro ba tare da kayan aiki masu tsada ba, matuƙar yana da malami mai duba shi da ɗakin gwaji mai sikeli da madubin hangen ƙananan halittu. Ƙwaron da ya fi dacewa shi ne babban jan kyankyaso, wanda masana ke kira Periplaneta americana, domin babu unguwar da ba a samunsa daga Aboabo har Asawase, yana jure zama a roba, kuma ƙarshen hanjinsa cike yake da bakteriya da wasu halittu masu ƙwaya ɗaya waɗanda ba sa rayuwa inda iskar oksijin take.

Kafin a kama ko ɗaya, ya kamata a san abin da ake nema. A shekarar 2017 masu bincike a Jami'ar Texas ta Amurka sun ba ƙudan zuma tetracycline, wani maganin kashe bakteriya, suka ga bakteriyar hanjinsu ta ragu ƙwarai, sannan waɗanda aka mayar amya sun fi 'yan uwansu mutuwa, kuma ƙwayar cutar Serratia ta fi samun galaba a kansu. Ƙudan tsando kuwa, idan magani ya kashe bakteriyar Wigglesworthia da ke samar masa da sinadaran bitamin B, sai matan su daina haihuwa. A kyankyaso lamarin ya fi ɓoyuwa, domin babba yakan ci gaba da harkarsa kamar babu abin da ya faru, illar tana bayyana ne a jikin ƙanana, waɗanda girmansu ke tsumburewa. Saboda haka da ƙananan za a yi aiki.

A tara jakunkunan ƙwan kyankyaso, waɗannan jajayen kwanson masu kama da ƙwayar wake da ake tararwa a bayan kabad ko a lungun kicin. Kowace jaka tana ɗauke da ƙwai kusan 16, kuma takan ƙyanƙyashe cikin mako shida zuwa takwas. Amfanin farawa da ƙwai shi ne a sami 'ya'ya tsara guda, domin idan aka haɗa manya da ƙanana, awon nauyi ba zai nuna komai ba. A bar su su yi makonni suna cin abinci kusa da manya kafin a raba su, saboda ɗan kyankyaso ta hanyar cin kashin manya yake samun halittun hanjinsa.

Robobi masu murfi na kasuwar Kejetia sun wadatar. A huda murfin a rufe kafar da yadi mai shara-shara, a shafa basilin a saman bangon robar ta ciki don kada su hauro, a sa guntun kiret ɗin ƙwai su ɓuya a ciki. Ruwa kuwa a jiƙa auduga a cikin murfin kwalba, domin ƙananan suna nutsewa a ruwan da aka bari a buɗe. Game da abinci akwai tarkon da ya kamata a kauce wa: kada a ba su abincin kajin gidan gona, domin sau da yawa an riga an gauraya shi da magani, sai ya zamana an ba kowane rukuni magani ba a sani ba. Dusar masara da ɗan garin busasshen kifi sun isa, kuma dusar ta fi yawa, saboda abinci mai harza ne ke sa ƙwaro ya dogara da halittun hanjinsa.

Rukuni uku ake buƙata, kowanne a cikin robobi uku aƙalla. Na farko ruwa zalla zai sha. Na biyu za a narkar masa da maganin kashe bakteriya metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl, a cikin ruwan sha, da awon da malami ya tsayar, ana sabunta ruwan a kai a kai kuma ana kare shi daga haske. Na uku zai sha maganin kamar na biyu, amma bayan an tsayar da maganin sai a barbaɗa masa kashin rukunin farko a kan abinci. A ganina wannan rukuni na uku shi ne zuciyar gwajin, kuma shi ne ɗalibai suka fi tsallakewa. Idan 'ya'yan da suka sha magani suka tsumbure, mai ja yana iya cewa dafin maganin ne ya taɓa jikin ƙwaron kai tsaye, ko ɗacinsa ne ya hana shi shan ruwa. Amma idan waɗanda aka mayar wa da halittun hanji suka farfaɗo suka kamo na farko, alhali 'yan uwansu da ba a mayar wa ba suna nan a baya, to an sami hujjar da za a tsaya a kanta. Wannan dalili ne kuma ya sa dole cokali da safar hannu na kowane rukuni su zama daban, domin ɗigon kashi guda da ya ƙetara daga wata roba zai rushe aikin wata biyu.

Duk mako a auna nauyin ƙwarin kowace roba gaba ɗaya a raba da yawansu, a ƙirga matattu, a kuma ƙirga saɓar da suka yi, tun kafin su cinye ta. Haƙuri ya zama dole, domin wannan kyankyaso yakan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin ya balaga, kuma bambanci ba ya fitowa a makon farko.

A ƙarshen wata na biyu a ɗauki kaɗan daga kowane rukuni a sa su a firiji har su sandare, a feɗe su a cikin ruwan gishiri mai kashi 0.9 cikin ɗari, a zaro ƙarshen hanjin, wato sashen nan mai duhu da kauri, a matse abin da ke ciki a kan gilashi. A na rukunin farko sau da yawa za a ga Nyctotherus, wata halitta mai siffar ƙoda da ke iyo da gashin jikinta tana ture tarkacen abinci, da sandunan bakteriya bila adadin kewaye da ita. A na rukunin magani Nyctotherus takan ɓace, bakteriyar da ba ta jure oksijin kuma ta ragu. Wanda ya shuka abin cikin hanjin a farantin agar, wato daskararren abincin da ake renon bakteriya a kansa, ya ajiye a sarari, kada ya yi mamaki in bai ga bambanci ba, domin metronidazole yana kashe bakteriyar da ba ta jure oksijin ne, ita kuwa da ma ba ta tsirowa a irin wannan faranti.

Ragowar ruwan magani da audugar da aka jiƙa ba a zuba su a kwata, domin da yawa daga kwatocin birnin a rafuka irin su Subin da Aboabo suke ƙarewa, inda ake ban ruwan lambu, kuma a irin wannan wuri bakteriya ke samun juriyar magani. A tara su a kwalba mai murfi a miƙa wa ma'aikacin ɗakin gwaji, ƙwarin da suka rage kuma a daskarar da su a firiza kwana biyu kafin a zubar.