Hotunan tafiyar daji: yadda za ka dawo da su lafiya, ka raba su ba tare da sun lalace ba

Wanda ya yi kwana biyar tsakanin Agadas da duwatsun Abzin a cikin Land Cruiser, ko ya hau Mambila daga Serti ya yada zango a can sama, yakan dawo da ɗaruruwan hotuna. Bayan wata biyu, idan ka ce ya nuna maka, sai ka tarar abin da ya rage 'yan ƙwaya ne masu dishi-dishi da aka tura a zauren WhatsApp, na asalin kuwa an goge su don waya ta cika. Irin wannan asara tana da ciwo, domin hanyar Timiya, ƙauye a can cikin duwatsun Abzin, ba hanyar kasuwar unguwa ba ce da za a sake komawa gobe. Gyaran abin yana farawa tun ba a loda kaya a mota ba.

Shiri kafin a tashi

Fara da sarari. Hoton waya ɗaya yakan ci megabait 3 zuwa 5, hoton RAW na kyamara, wato ɗanyen hoto mai cikakken bayani, kuma 20 zuwa 30, bidiyon 4K na minti ɗaya yana iya kaiwa megabait 350. Bidiyo ne ke cinye waya, ba hotuna ba, saboda haka mayar da shi 1080p sai fa wurin da ya cancanta. Kwashe tsofaffin kaya ka bar aƙalla gigabait 30 babu komai. Mai kyamara ya ɗauki memori biyu masu gigabait 64 maimakon guda ɗaya mai 128. Idan ɗaya ya mutu, rabin tafiyar ya tsira. A cikin kyamarar ake share memori kafin a fara, ba a kwamfuta ba.

Sai caji. Fawa bank mai lamba 20,000 ba ya cika waya sau huɗu kamar yadda lissafin kwali ke nunawa, domin wani kaso na wutar yana salwanta a hanya. Ka ƙaddara sau biyu da rabi zuwa uku ga waya mai batir 5,000. Ka riƙa yi masa caji daga soket ɗin mota lokacin da inji ke aiki. Jona waya huɗu da fitila a mota da daddare alhali inji na kashe, hanya ce ta wayar gari da mataccen batir a wurin da ba mai jona maka batir ka tayar. Da zarar sabis ya ɗauke, sa waya a yanayin jirgin sama: neman sabis da take yi ba ƙaƙƙautawa shi ne ke zuƙe batir, kyamara da GPS kuma suna aiki ba tare da shi ba.

Akwai ƙaramin abu da kusan kowa ke mantawa: agogo. Duk wanda zai ɗauki hoto a ayarin ya daidaita agogon kyamararsa da na waya guda ɗaya. Nijar da Najeriya lokacinsu ɗaya ne, to ba wata wahala. Amfaninsa sai an dawo: idan aka zuba hotunan mutum biyar wuri guda, za su jeru da kansu bisa lokaci, ba za ka ga faɗuwar ranar Talata a tsakiyar karin kumallon Alhamis ba.

Ƙura, zafi da sanyi

Ƙurar hamada gari ce mai kaifi. Kada ka goge gilashin kyamara da gefen rawani ko bakin riga kafin ka hure shi, don goge ƙwayar yashi a kan gilashi daidai yake da shafa masa sanfefa. A fara hurewa da ɗan famfon roba, sannan a shafa da tsumma mai laushi irin na tabarau. Ana sauya gilashin kyamara a cikin mota, tagogi a rufe, bakin kyamara na kallon ƙasa, kuma a kashe take. Ƙurar da ta shiga ciki tana fitowa a matsayin ɗigon baƙi a wuri ɗaya a kowane hoton sama. Idan ba a ɗaukar komai, a sa kaya cikin leda mai zik.

Kan dashbod shi ne wuri mafi muni ga waya. Yawancin wayoyi an yi su ne su yi aiki a ƙasa da digiri 35. Da zafi ya wuce haka sai fuskar ta dushe, kyamara ta ƙi buɗewa, batir kuma ya fara kumbura a hankali. Da dare lamarin yakan juye. A hunturu sanyin Abzin yana sauka ƙwarai, batir mai sanyi kuma yakan nuna ya ƙare alhali da saura. Kwana da waya da baturan kyamara a cikin bargo. A Mambila da Gashaka-Gumti damuwar raɓa ce: kyamarar da ta kwana a waje takan tashi da tururi a gilashi, sai a bar ta ta bushe da kanta, kada a buɗe ta.

Abin da ya kamata a ɗauka

Hotunan da mutane ke komawa kallo bayan shekaru ba na mota a tsaye tana sheƙi ba ne. Su ne na lokacin da ta kafe: direba a durƙushe yana rage iskar taya, yara na tonon yashi da shebur, wani ya cusa farantin ƙarfe a ƙarƙashin ƙafar baya. A lokacin kowa ya gaji, ba mai tuna waya. Shi ya sa yake da kyau a ware mutum guda tun farko, a ce kai ne mai hoto idan abu ya faru. Amma da sharaɗi: idan wata mota na jan wata da igiya, mai hoto ya tsaya a gefe, nesa da tsawon igiyar sau ɗaya da rabi, kada ya yarda ya shiga tsakaninsu ko ya tsaya a saitinta. Igiyar da ta tsinke ko ƙugiyar da ta ɓalle tana kisa.

Tudun rairayi ko hawan dutse da ya sa gaban kowa ya faɗi yakan fito a hoto kamar filin ƙwallo. Dalili shi ne an ɗauka daga cikin mota ko daga baya, inda ba a ganin gangare. Sauka ka tsaya a gefen hawan, ka durƙusa, ka daidaita waya da layin da sama ta haɗu da ƙasa, mota ta shigo a karkace. Kada ka karkata wayar don ƙara wa abin armashi. Masu tuƙin daji suna ganewa daga itatuwan da suka kwanta. Girma ma haka: zanen raƙumin dawa da aka sassaƙa a kan dutse a Dabus, arewa da Agadas, ya haura mita 5, amma ba mai gane haka sai an ga mutum tsaye a gefensa. A gefe, ba a kansa ba. Ba a taka zanen dutse, ba a zuba masa ruwa ko alli don ya fito.

Haske mai kyau yana tsakanin fitowar rana da hantsi, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa magariba, lokacin da inuwa ke fito da layukan yashi. Da tsakar rana komai fari ne fat. Idan hazo ya sauka, rage sama a cikin hoton, ka matsa kusa: hannu na zuba shayi daga sama cikin ƙaramin kofi, burodin Buzaye da ake tonowa daga cikin toka da yashi, sawun taya. A bakin wuta da dare kashe filashi, ka taɓa fuskar mutum a kan allon waya, ka ja hasken ƙasa kaɗan; filashi yana kashe jan hasken wutar ya bar idanu jajir.

Taurari suna son duhu, kuma lissafin watan Musulunci ya sauƙaƙa abin: daga 27 ga wata zuwa 3 ga sabo sama baƙa ce wuluk, daren 14 kuwa farin wata zai shafe su. Kafa kyamara a kan ƙafarta, ko ka jingina waya da dutse ko takalmi. Sa ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, tsakanin 1600 da 3200, buɗe gilashi iyakarsa, saita nisa da hannu a kan tauraro mai haske har ya zama ɗigo, ka ba shi daƙiƙa 15 zuwa 20. Idan ya wuce haka taurari za su fara jan wutsiya saboda juyawar duniya. Yi amfani da jinkirin daƙiƙa 2 don kada taɓa maɓalli ya girgiza hoton. Ƙaramar tocila a cikin tanti, an rufe ta da farin ƙyalle, tana sa tantin ya yi haske a ƙasan hoton. A hunturu Kaza da 'ya'yanta tana sama tun farkon dare.

Inda ba a ɗaga waya

Shingen sojoji, jandarma, 'yan sanda da kwastan, da barikoki da filayen jirgi, ba a ɗaukar su, ko da daga cikin mota ne. Hoto guda yana iya sa a tsare ayari duka a kuma karɓe wayoyi. Jirgi marar matuƙi mai ɗaukar hoto yana buƙatar izinin hukuma a Najeriya; wanda ba shi da takarda ya bar shi a gida. A rijiya ko ruga ko tantin Buzaye, sallama da gaisuwa su ne farko, sannan neman izini, musamman kan mata da yara. Wanda ya ce a'a, magana ta ƙare. Wanda ya yarda a nuna masa hoton nan take, a kuma faɗa masa idan za a sa a intanet, domin yarda a ɗauka daban, yarda duniya ta gani daban.

Kowane dare: kwafi na biyu

Bayan sallar isha'i, minti goma sun isa. Kwafe hotunan ranar zuwa filas mai bakin OTG, irin wanda ke shiga waya kai tsaye, ko ku yi musaya ta Xender, wanda ba ya buƙatar data kuma ba ya rage ingancin hoto. A kwafa, kada a ɗauke. Kuma filas ɗin ya kwana a jakar da ba ta waya ba. A lokacin ne kuma za ka rubuta sunan wurin da kuka yini da sunan mai rakiya, tun ba su gauraye maka ba.

Rabawa

Kada ka sa komai a intanet kana kan hanya. Hoton zango da aka sa a Facebook da yamma yana faɗa wa duk mai gani inda ayari zai kwana, motoci nawa ne, da abin da ke cikinsu, kuma kowa ya san halin da hanyoyin yankinmu suke ciki. Saƙon isa lafiya ga iyali ya wadatar. Hotuna su jira sai an dawo gida.

Da an dawo, tace. Zagaye na farko goge masu girgiza da maimaici. Na biyu, zaɓi 40 zuwa 60 don 'yan tafiya. Na uku, 10 zuwa 12 don jama'a, a jere yadda labari ke tafiya: loda kaya, hanya, kafewa, zango, dare, komawa. Mutum ba ya kallon hoto 90 na tudu guda, yatsa kawai yake ja. Wajen gyara, a Snapseed ko Lightroom, miƙe layin ƙasa, rage farin da ya ƙone, ɗaga inuwa kaɗan, ka tsaya nan. Yashin da aka cika wa launi har ya koma ruwan lemo ba na hamadar Tenere ba ne.

WhatsApp yana matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, ya mayar da dogon gefensa wajen fiksel 1600. Alamar HD da aka ƙara a 2023 ta rage ɓarnar, ba ta kawar da ita ba. Don cikakken hoto sai a tura shi a matsayin fayil, ta inda ake maƙala takardu, wanda ke karɓar har gigabait 2. Sai dai a kula: hoton da aka tura a haka yana tafiya da duk bayanan da ke ɓoye a cikinsa, har da ainihin wurin da aka ɗauka idan GPS na kunne. Tsakanin 'yan tafiya ba laifi. Ga bare kuwa a cire wurin tukuna, balle hoton giwayen Yankari, ko zanen dutse, ko rugar da ta karɓe ku. Mafarauta da ɓarayin kayan tarihi ma suna da waya. Lambar mota a shafe ta.

Hanya mafi tsafta ga ayari ita ce kundi guda na haɗin gwiwa a Google Photos, kowa ya zuba nasa idan ya sami intanet mai ƙarfi. A tuna gigabait 15 na kyauta tare suke da Gmail da Drive, kuma duk mai riƙe da adireshin kundin yana iya buɗewa, to kada a jefa shi a babban zaure. A Instagram hoton tsaye ya fi cika fuskar waya. Faffaɗan hoton hamada gara a yanka shi biyu a jera, da a bar shi ya zama siririn zare.

Rubutun ƙasan hoto shi ne rabin aikin. Hoton wani ƙarfe tsaye a tsakiyar fili ba ya cewa komai. Rubuta cewa nan ne itacen Tenere ya tsaya shi kaɗai har mota ta buge shi a 1973, cewa gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai, wannan ƙarfen kuma an kafa shi a madadinsa, sai mai kallo ya tsaya. Wuri, wata da shekara, da abin da ke faruwa: layi biyu sun isa. Idan hoton na abokin tafiya ne, a ambace shi, kuma a tambaye shi kafin a sa wanda ya fito a ciki yana barci ko cikin wani hali.

Waɗanda suka fi kyau a wanke su a takarda. Hoto mai santimita 10 da 15 yana buƙatar fiksel 1200 da 1800, girman A4 kuma wajen 2500 da 3500, saboda haka a kai wa mai wanki fayil na asali a filas, ba wanda ya bi ta WhatsApp ba. A wanke kwafi biyu na waɗanda direba da mai rakiya suka fito, a ba wa mai komawa can ya kai musu.