Yadda ake janyo tsohuwar mota mai noti ɗaya a taya

Na daɗe ina tuƙa janwe a Sakkwato, amma sau ɗaya na taɓa janyo MG, wata tsohuwar motar Ingila. Wani Alhaji ne ya gaje ta wurin mahaifinsa, ta mutu masa a hanyar Bodinga. Yarona har ya ɗaga bayanta ya saƙala, kamar yadda muka saba, na ce masa ya sauke.

Tayar irin waɗannan motoci na Ingila, su MG da Jaguar E-Type da Austin-Healey, sau da yawa tana da wayoyi kamar ta keke, kuma noti ɗaya tak ke riƙe da ita a tsakiya, babba, mai kunnuwa biyu, da guduma ake buga shi. Tsarin kamfanin Rudge-Whitworth ne. Na gefen hagu ana ɗaure shi kamar kowane noti, na gefen dama kuwa haƙoransa a juye aka yanka su. Da gangan aka yi haka.

Bakin notin ya ɗan fi wuyan tayar faɗi, kamar awarwaro a hannu. Nauyin mota kan sa su matse a wuri ɗaya, wurin kuma yana zagayawa idan taya na juyawa, sai notin ya riƙa ɗan gusawa kaɗan kaɗan. In gaba ake tafiya, gusawar nan ƙara ɗaure shi take yi. In ka ɗaga baya ka bar tayoyin gaba suna juyawa da baya, kwance shi take yi. Ribas ɗin fita daga gareji ba ya komai. Amma daga Bodinga zuwa cikin gari, ga ramuka, taya na iya fita ta bar ka, kuma kafin nan ta cinye haƙoran kan aksul inda taya ke zama, kayan da ba ka samunsu a nan.

Abin da ya fi shi ne ka ɗora motar gaba ɗaya a bayan babbar mota. In babu, ɗaga gabanta, ka kwance farfela, wato sandar da ke haɗa giyabos da tayoyin baya, don kada giyabos ya sha wuya, tayoyin baya su bi hanya yadda aka yi su.

Kafin ka tashi, sa jak ka ɗaga kowace taya, ka girgiza ta da hannu biyu. Guduma ta dalma ko ta jan ƙarfe za ka ɗauka, ta baƙin ƙarfe tana fasa kunnuwan. Kowane gefe kake, bugun kunnen sama ya nufi bayan mota shi ne ɗauri, ya nufi gaba shi ne kwancewa. Ni nakan ja layi da alli daga noti zuwa taya, in tsaya bayan ɗan tafiya in duba.

Ranar nan sai bayan la'asar muka samu mota mai buɗaɗɗen baya. Alhaji ya gaji da jira, ya ce, “Malam, duk wannan don noti ɗaya?” Na miƙa masa gudumar da ke cikin but ɗin motarsa, kanta duk ya lotse saboda bugun mahaifinsa.